Haƙorin Ɗiyata da Ƙarfen Babana

Alewa ce sana'ata. Da sassafe nake dafa ta, in yanka, in jera a tire, in kai bakin lakwal, makarantar bokon unguwarmu a Dogon Dutsi, kafin a saki yara shan iska. Kowa a layin ya san ni, kuma ba da sanyin hali aka san ni ba. Na taɓa kifa wa wani ɗan kabu-kabu tire guda a ka, don ya fantsama mini ruwan kwata ya juyo yana dariya. Asarar alewar ba ta dame ni ba, na dai ga ya bar dariyar. Mijina direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya da a gida, saboda haka ni ce uwa, ni ce uba, ni ce jandarman gidan.

Ba a sanin alewa ta yi sai an ciza. Ana ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, a tsamo, a sa haƙorin gaba. In ta ce ƙas a sauke tukunya, in ta yi danƙo a ƙara wuta. Ni nawa haƙoran sun daɗe da gajiya, ko ruwan randa ba sa so, sai na ɗora wa ɗiyata ta fari aikin cizon. Tukunya uku ko huɗu a rana, kowace a ɗanɗana sau biyar, ga ƙanzon gindin tukunya duk nata ne. Tun tana shekara shida take wannan aiki har ta kai goma, bakinta bai taɓa rabuwa da zaƙi daga safe zuwa la'asar ba.

Da yake ita ce 'yar fari, ba na kama sunanta. "Ke" nake ce mata, in na ji daɗi in ce "yarinyar nan". Ba na yabonta gaban mutane, ba na rungumarta, in ta faɗi a gaban manya sai in kau da kai in bar wani ya ɗaga ta. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na taso na gani, ban taɓa tambayar dalili ba. Amma Allah ya sani, cikin 'ya'yana huɗu babu wadda take raina kamarta.

Wata safiya ta buɗe baki za ta ciji alewa, sai na hangi fari-fari a haƙoranta biyu na gaba, na sama, can kusa da dasashi. Ba irin farin haƙori ba, wani fari ne marar ƙyalli kamar an goga alli. Na ce ƙazanta ce. Na ja kunnenta na ce ta ɗauko asuwaki, ta goge, bai fita ba. Na daka gawayi da gishiri, na matse kanta a hammatana, na dirza da yatsa har dasashin ya yi jini. Tana ta mutsu-mutsu, na kai mata dundu biyu a baya na ce ta tsaya. Da ta kurkure baki na duba, farin yana nan daram.

Wata malamar lakwal da ke sayen alewata ita ta ce in daina azabtar da yarinya, akwai likitan haƙori a gari, in kai ta ya gani. Na kai ta ina gunaguni, don ranar na rasa cinikin safe.

Likitan ɗan siriri ne, magana a hankali kamar ba ya son a ji. Ya kwantar da ita a kujera, ya busar da haƙoran da iska, ya haska fitila, ya bi wurin da wani ɗan ƙarfe a sannu. Sannan ya miƙo mini madubi ya ce in leƙa.

"Madam, wannan ba datti ba ne, farkon ruɓa ne. Zaƙi in ya daɗe a baki yakan koma tsami, tsamin ya riƙa tsotse ƙarfin bayan haƙori. Abin da kike gani fari ɗin nan, wurin da ya yi laushi ne. Amma duba, saman bai fashe ba, babu rami."

Na ce, "To sai a yi mata allura ko?"

Ya ce babu allura, babu ƙwaya. Muddin saman bai ɓule ba, haƙori yana iya mayar da ƙarfinsa da kansa, miyau ne ke kawo masa abin gyaran, in an ba shi sarari. A raba ta da cizon alewa. Ta riƙa goge baki da buroshi da man goge haƙori mai wani sinadari da ya kira fuliyor, safe da kafin kwanciya, ta tofar kawai kada ta kurkure. Ya shafa mata wani abu mai danƙo a wurin, ya ce mu dawo bayan wata uku. Har mun kai ƙofa ya kira ni ya ƙara cewa, "Abu ɗaya nake roƙonki, kada a kankare wurin, kada a soke shi da komai. Ranar da ya zama rami, babu man da zai rufe shi, sai na fafe na yi ciko. Kuma ta riga ta yi famfara, wani haƙorin ba zai sake fitowa ba."

Na fito raina a ɓace. Na ce wannan wane irin likita ne, mutum ya bar sana'arsa ya zo, a sallame shi da wa'azi? Amma maganar cewa wani ba zai fito ba ta tsaya mini a wuya. Na sayi buroshin da man. Na ce mata in na ƙara ganin alewa a bakinta sai na karya mata hannu, kuma ta san ba wasa nake ba. Na koma cizon da kaina, da gefen baki, ina jin zafin har cikin kunne. Safe da dare ina tsaye a kanta tana goga, in ta yi sauri in ranƙwashe ta ta sake daga farko. Wata biyu muna haka. Farin bai ɓace ba, sai dai na lura ya fara ɗan sheƙi, ban san ko alheri ne ko tsiya ba.

Da aka yi hutun lakwal, matar yayana ta haihu a garinmu Matankari, na ɗebi yaran muka tafi suna.

Babana maƙeri ne, kakansa ma maƙeri. Ban da garma da lauje da yake ƙerawa, akwai wani aiki da gidanmu ya gada, kashe tsutsar haƙori. A wurinsa duk ciwon haƙori tsutsa ce ke ci, kuma maganin tsutsa wuta. Yana da wani tsinken ƙarfe mai ƙotar icce, yakan sa shi a garwashi har ya yi ja, a danne mutum, a sa masa icce a baki, ya soka a ramin. Ihu ɗaya ake yi, bayan kwana biyu zafin ya ɗauke, mutane su zo da kaza suna godiya. Cewa haƙorin yana yin baƙi ya gutsure bayan shekara, wannan ba wanda ke dangantawa da shi. Ni kaina ya yi mini sau biyu ina budurwa. Ba mugu ba ne. Mutum ne da hannunsa bai taɓa rawa ba, kuma ba a taɓa ce masa a'a a gidansa ba.

Yana son yarinyar nan fiye da kima. "Amaryata" yake ce mata, tana ce masa tsohon miji marar kuɗin cefane. Ran da muka isa, da la'asar, muna zaune a tsakar gida da gwaggonnina da matan gida, ya zaunar da ita kusa da shi yana tsokanarta. Ta yi dariya, sai ya kama haɓarta ya juya fuskar wajen rana.

"Af! Tsutsa ta yi ƙwai a bakin amaryata ba wanda ya gaya mini? Ga shi nan fari. Tun ba ta ƙyanƙyashe ba gobe in kankare in sa mata wuta kaɗan, shi ke nan."

Duk maganar likita tana bakina, kalma ɗaya ba ta ɓace mini ba. Amma a ce ni, a gaban ubana, a gaban gwaggonnina, in buɗe baki in yi magana a kan 'yar fari? A wurinmu 'yar fari ta kakanni ce, uwa ba ta da ta cewa, wadda ta tanka kuwa har ta mutu ana ba da labarin rashin kunyarta. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsince shinkafar da ke gabana. Yarinyar ta dube ni, na ji idonta a jikina, ban ɗago ba. Na ce a raina gobe suna, hidima za ta sha kansa ya manta, jibi da asuba mu bi motar farko. Ni da nake tara wa mutane jama'a a kasuwa kan abin da bai kai ya kawo ba, ranar ko tari ban yi ba.

Washegari da hantsi ina bayan gida muna tuƙin tuwon suna, ni ce a kan babbar tukunya. Sai na ji ƙara. Ba kukan yaro da aka mara ba ne, wata irin ƙara ce ta maƙogwaro, ta wanda aka toshe wa baki. Cikin yara fiye da ashirin da ke gidan na san tawa ce. Ban san lokacin da na tsallake murhu ba, muciya tana hannuna da tuwo a jikinta.

Maƙerar tana ƙofar gida, rumfa ce ta kara. Abin da na tarar har gobe yana idona. Yayana, uban jaririn, yana zaune a ƙasa ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, hannu ɗaya ya danne goshinta, ɗaya ya ja leɓenta sama. Sun gicciya mata guntun icce a baki, miyau da jini na bin haɓarta. Ƙafafunta na ta shure ƙasa. Magagarin goge ƙarfe yana yashe a gefe, an riga an goge haƙori ɗaya da shi. Baba yana durƙushe a gabanta da tsinken nan, ya ɗora bakinsa a kan haƙorin, wani siririn hayaƙi na tashi. Warin kamar na ƙahon da aka ƙona.

Na ɗaga muciyar da hannu biyu na sauke ta a tsakiyar kan yayana. Na ji ƙarar a kafaɗuna. Ya saki yarinyar ya dafe kai, jini ya ɓalle ta tsakanin yatsunsa ya sauko kan sabuwar rigar sunan, na ƙara masa a wuya, na ƙara a hannun da ya tare. Baba ya ce, "Ke! Kin haukace?" amma bai janye ƙarfen ba, so yake ya ƙarasa aikinsa. Sai na yar da muciyar na sa hannu biyu a ƙirjinsa na hankaɗa shi.

Ubana na tura. Tsoho mai furfura, wanda ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da na yi wayo. Ya tafi da baya, ya kai hannu zai dafa, tafin hannunsa na dama ya sauka cikin garwashin maƙera. Bai yi ihu ba, ya dai ce "Wash!" ya fizge hannun, fatar ta yi fari ta tattare. A daidai lokacin da na ture shi kuma na ji wani ɗan ƙas a bakin yarinyar, tsinken ya bugi haƙorin kafin ya fita.

Kafin in zare iccen daga bakinta gidan suna ya juye a kanmu. Babbar gwaggona ta shaƙo wuyan rigata ta baya tana zabga mini mari tana cewa la'ananniya, kin daki ubanki a kan 'yar fari. Wata ta fizge mini ɗankwali, wata ta ja gashina. Na ciji hannun wata, ban san ko wace ce ba, na ji gishirin jini a harshena. Yayana ya miƙe da jini a fuska ya ɗauki masabar dukan ƙarfe, maza uku suka rirriƙe shi. Na saɓi yarinyar a kafaɗa, ƙatuwa da ita, na ratsa su ina zagin duk wanda ya tare ni, uwa da uba. Ƙannenta suka biyo ni suna kuka. Takalmina ɗaya a can na bar shi. Da na waiga daga bakin hanya, Baba yana zaune a ƙasa an tsoma masa hannu a ƙwaryar ruwa, ba ni yake kallo ba, yarinyar yake kallo.

A motar kasuwa ba ta yi kuka ba, ta dai rufe baki da gefen hijabinta har muka iso Dogon Dutsi. Daga tasha gidan likita muka wuce.

Likitan ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce in matso. Ya taɓa haƙorin da ba su kai gare shi ba, ya bi farin da ɗan ƙarfensa, ƙarfen ya zame sumul.

"Kin gani? Wannan ya yi tauri. Tabon zai iya zama, amma ruɓar ta tsaya, ba ya bukatar komai. Ɗayan ma da an bar shi, da haka yake."

Ɗayan kuwa an goge masa baya, ga baƙin rami inda wuta ta ci, gefensa ya ɓalle. Ya tambaye ni wa ya yi wannan aiki. Na ce a ƙauye ne. Bai matsa ba. Ya yi mata allurar kashe zafi, ya fafe baƙin, ya cike da wani farin abu, ya daidaita shi har sai ka lura za ka gane. Amma ya gaya mini gaskiya, ya ce wuta ta shiga da nisa, bai san ko jijiyar ciki za ta rayu ba, kuma yana ganin alamar tsaga da bai san inda ta tsaya ba. Na tambaye shi tsagar daga wutar ce ko daga bugu. Ya ce ba zai iya rabewa ba. Na so ya ce wuta ce, wallahi na so.

Daga Matankari saƙo ya zo ta bakin wata mai kawo gero kasuwa. An yi wa yayana ɗinki a ka. Hannun Baba ya warke amma yatsu biyu sun ƙage, ba ya iya riƙe masaba, an rufe maƙera. Ya ce kada wanda ya ƙara ambata sunana a gabansa, amma a tambayo masa jikin amaryarsa. Mijina da ya dawo ya ji labari, ya ce in shirya mu je in durƙusa. Na ce zan je, a bari in ga yadda haƙorin zai yi tukuna. A raina ina ganin in ya tsira, ko ba komai ina da abin da zan riƙe in ce don shi na yi.

Kowace safiya sai in ce ta buɗe baki in gani. Sati na uku haƙorin ya fara dushewa, ya koma ruwan toka. Sati na shida ta tashi leɓenta na sama ya kumbura har ya taɓa hanci, ga wani ƙurji a dasashi yana fitar da ruwa. Likita ya ɗauki hoton haƙorin ya ɗaga a haske ya nuna mini wani siririn layi da ya tafi tun daga sama har cikin saiwa. Ya ce da jijiyar ce kawai ta mutu, da akwai yadda za a wanke ciki a cike a bar mata abinta. Amma haƙorin da ya tsage har saiwa ba ya zama, sai cirewa.

Ranar cirewar ya ce in fita in jira a waje. Na ce babu inda za ni. Na tsaya a bayan kujerar na riƙe kanta da hannuna biyu, ina jin yadda yake girgiza haƙorin har cikin tafina. Da ya fito gida biyu ya fito. Ya jefa a ɗan kwanon ƙarfe, ya cusa mata auduga ya ce ta cije.

Muka fito muka zauna a kan dakalin da ke ƙofa, rana ta take, tana ta haɗiyar miyau. Tsawon makonnin nan akwai abin da ke cina, ban tambaya ba sai ranar. Kuma da faɗa ya fito, don ban iya wata hanyar ba.

"Ke wace irin sakarya ce? Kina ji likita ya ce kada a taɓa. Da suka kama ki ba ki da ƙafar gudu? Ba ki da bakin kirana tun kafin su sa miki icce?"

Ta zare audugar, ta dube ta, ta dube ni. Maganar tana fita da iska ta giɓin.

"Ba kama ni suka yi ba, Inna. Kaka ya kira ni, na je na zauna da kaina."

Na ce, "Don me?"

"Da ya faɗa ran da muka isa na dube ki, ba ki ce komai ba. Na ɗauka kin yarda." Ta mayar da audugar, ta cije, sannan ta ƙarasa ta gefen baki. "Na ce in na gudu za ki duke ni."